Wanda Aka Kora da Wanda Kyamara Ta Bi Gida

A daren 19 ga Maris, 1977, gidan talabijin na CBS a Amurka ya nuna kashi na ƙarshe na wani wasan barkwanci da aka shafe shekara bakwai ana yi, The Mary Tyler Moore Show. Labarin ma'aikatan sashen labarai ne na wata ƙaramar tashar talabijin a birnin Minneapolis. A wannan kashi sababbin shugabanni suka karɓi tashar, suka duba suka ga labaran yamma ba su da masu kallo, sai suka sallami mutanen sashen: shugabansu Lou Grant, da marubuci Murray, da ita kanta Mary. Wanda suka bari shi ne Ted Baxter mai karanta labarai, mutumin da duk mai kallo ya san shi ne tushen matsalar, don ko sunaye ba ya iya furtawa daidai. Ted ya tashi da kurari, ya ce in an kori abokansa shi ma zai ajiye aiki. Da ya ga ana shirin amsa masa da to, sai ya haɗiye maganarsa. Korarrun suka rungume juna suna kuka, aka rasa mai sakin wani, har sai da suka ja ƙafa a dunƙule zuwa teburin da takardar share hawaye take.

An yi dariya, an yi hawaye, kuma babu mai kallon da ya rikice game da ɓangaren da yake. Mai korar baƙo ne, ya shigo na ɗan lokaci ya fita. Kyamara tana tare da waɗanda aka kora, da su muka saba, da su aka kashe fitilar ofis. Abin da muke son bi a nan shi ne yadda, cikin shekara talatin da suka biyo baya, kyamarar ta taso daga wannan gefe na tebur ta koma wancan, da abin da hakan ya yi wa dariyarmu.

Kafin talabijin ya sauya, sai da duniyar aiki ta sauya. A da, kamfani a Amurka kan sallami ma'aikata ne idan kasuwa ta faɗi, kuma yawanci leburorin masana'anta abin ke shafa, a kan kuma dawo da su idan al'amura sun daidaita. Daga shekarun 1980 sai sallama ta zama dabarar shugabanci. Jack Welch, wanda ya riƙe kamfanin General Electric daga 1981 zuwa 2001, ya yi suna da tsarin jera ma'aikata bisa ƙwazo duk shekara, a datse kashi goma cikin ɗari na ƙasa, ko kamfani na cin riba ko ba ya ci. A 1994 Al Dunlap ya karɓi kamfanin takarda na Scott Paper, ya sallami kimanin mutum 11,000, farashin hannun jari ya tashi, shekara na zagayowa aka sayar da kamfanin ga Kimberly-Clark, shi kuma ya tafi da miliyoyin daloli. A watan Janairun 1996 kamfanin tarho na AT&T ya sanar da rage guraben aiki 40,000, kuma a watan Maris na shekarar jaridar New York Times ta yi mako guda tana buga jerin rahotanni kan wannan sabon yayi. Wuƙar ta iso kan masu ɗaura laktaye, masu zama gaban kwamfuta, waɗanda suka ɗauka takardar digiri katanga ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai wannan karon kurar tana da teburi da lambar tarho.

Wasan da ya fara ɗaukar wannan fargaba ya mayar da ita ƙashin bayan labarinsa daga Ingila ya fito. Ranar 9 ga Yuli, 2001, tashar BBC Two ta fara nuna The Office, wanda Ricky Gervais da Stephen Merchant suka rubuta. Ofishin wani kamfanin sayar da takarda ne mai suna Wernham Hogg, reshen Slough, wani garin masana'antu a yamma da Landan. An tsara shi kamar shirin gaskiya, irin waɗanda suka cika talabijin ɗin Birtaniya a ƙarshen shekarun 1990, inda ake bin ma'aikatan filin jirgi ko masu koyon tuƙi da kyamara. Babu 'yan kallo a ɗakin ɗauka, babu dariyar da aka naɗa ana sakawa bayan kowace magana. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dariyar da aka naɗa tana gaya wa mai kallo cewa abin wasa ne, kada ya damu. Da aka cire ta, sai ya rage daga kai sai ƙarar injin kwafe takardu da fuskar wanda aka wulaƙanta.

Tun a kashi na farko aka dasa maganar. Jennifer, shugaba daga hedikwata, ta zo ta shaida wa manajan reshe David Brent cewa kamfani ba zai iya riƙe rassa biyu ba, Slough da Swindon, ɗaya zai haɗiye ɗaya, kuma za a sallami mutane. Brent ya tara ma'aikata ya yi musu alkawarin cewa babu wanda zai rasa aikinsa, alkawarin da ba shi da ikon cikawa, kuma ya san haka. A ranar dai, don ya burge wani sabon ma'aikacin wucin gadi, ya kira Dawn mai karɓar baƙi, ya murtuke fuska, ya ce an kama ta da satar 'yan takardun nan masu manne, don haka an kore ta. Ta fashe da kuka. Sai ya ce ai wasa yake yi. A ofishin da kowa ya kwana da jita-jitar sallama, shugaba ya ɗauki abin da mutane suka fi tsoro ya mai da shi abin raha. Mun sha kallon wannan wuri, kuma har yau ba mu tabbatar ko dariya muke yi ba ko kare fuska.

Babban gwajin yana kashi na shida. Jennifer ta samu ƙarin girma, hukumar daraktoci kuma ta zaɓi Brent ya gaje ta, ƙuri'a biyar da biyu. Sharaɗin a fili yake: in ya karɓa, reshen Slough ne za a rufe, mutanensa wasu su rasa aiki, sauran su kwashe iyali su koma Swindon. In ya ƙi, reshensa ya tsira. Mutumin da ya yi makonni yana kiran ma'aikatansa iyalinsa bai ko nemi a ba shi kwana ɗaya ya yi tunani ba. Abin da ya tsaya a ransa ƙuri'a biyar ɗin nan ce. Ya fito ya ce yana da labari mara daɗi da mai daɗi: mara daɗin, wasunku za su rasa aiki, mai daɗin kuwa, an ƙara mini girma. Ya tsaya yana jiran tafi. Wani dattijon ma'aikaci, Malcolm, ya gaya masa cewa bai ji labari mai daɗi ba, ya dai ji mara daɗi da wanda bai shafi kowa ba.

Da dare, a wurin walimar ofis, Brent ya hau gaba ya ce ya fasa karɓar muƙamin saboda ƙaunar da yake yi musu, reshen Slough ya tsira. Aka yi sowa. Malcolm ɗin nan ne ya ja shi gefe ya ce ya ji labarin cewa gwajin likita ya faɗi, hawan jini ya hana shi kujerar. Brent ya ce ai da gangan ya sa jinin ya hau. Marubutan ba su yanke masa hukunci da bakinsu ba, sun bar mu da shi yana ƙarya a kan ƙarya, kuma abin da ya fi ci mana rai shi ne alamar cewa shi kansa ya fara yarda da ita.

A zango na biyu, 2002, manajan Swindon, Neil Godwin, ya zama ubangidan Brent, kuma wanzami ya gamu da jarfa. An shaida masa an sallame shi a ranar da ofis ke wasannin tara kuɗin agaji, ya miƙe daga bayan teburi sai ga shi cikin shigar jimina, ƙafafun tsumma na reto. A kashi na gaba ya zauna gaban Neil da Jennifer, murya na rawa, yana roƙon kada su raba shi da aikinsa, zai gyara, zai ninka ƙoƙari. Ba su janye ba. A nan ne mai kallo ya tsinci kansa yana tausayin mutumin da ya sayar da mutanensa a kan ƙuri'a biyar, kuma tausayin halal ne, don an riga an nuna mana laifinsa ba tare da sassauci ba, an kuma sa ya biya. Duka wasan kashi goma sha biyu ne da na musamman guda biyu na Kirsimetin 2003. A Janairun 2004 ya ci lambobin Golden Globe biyu a Amurka.

Amurkawa suka saya. Greg Daniels ya sake gina shi wa tashar NBC, aka fara nunawa ranar 24 ga Maris, 2005, da Steve Carell a matsayin Michael Scott, manajan reshen Scranton na kamfanin takarda Dunder Mifflin. A lokacin, NBC mallakar General Electric ce, tun 1986. Wato kamfanin da ya koya wa Amurka datse ma'aikata duk shekara shi ne mai gidan da ake nuna wasan tsoron a datse ka. Ba mu ce wani ya zauna ya ƙulla haka ba. Amma yana da kyau a san a tsakar gidan wa ake wasan.

Kashin farko kusan kwafi ne na na Ingila, har da wasan korar mai karɓar baƙi, wadda a nan sunanta Pam. Sai dai ƙasar ta bambanta, kuma hakan ya ƙara wa abin nauyi. A Birtaniya tun 1965 doka ta wajabta biyan kuɗin sallama ga wanda aka rage bayan ya yi wasu shekaru yana aiki, kuma asibitin gwamnati na kowa ne, da aiki ko babu. A kusan duk jihohin Amurka kuwa, mai kamfani na iya sallamar ma'aikaci a kowace rana ba tare da ba da dalili ba, in dai ba wariya ba ce da doka ta hana, kuma inshorar lafiyar yawancin ma'aikata a jikin aikinsu take rataye. Wanda aka kora ya rasa albashi, ya kuma rasa likitan 'ya'yansa. Kashi na uku ya taɓo wannan kai tsaye: hedikwata ta umarci Michael ya zaɓi inshora mai arha, ya ji tsoron baƙin jini, ya miƙa wa mataimakinsa Dwight aikin, shi kuma ya kulle kansa a ofis yana ɓuya.

Zango na farko, kashi shida, bai samu karɓuwa ba, har an yi tunanin dakatar da shi. Amurkawa ba su ga dalilin da zai sa su dawo kowane mako wurin mugun shugaba ba. Cikin hutun da ya biyo baya Carell ya yi fice a wani fim ɗin barkwanci, marubutan kuma suka yanke shawarar da ta ceci wasan: za a sassauta Michael. Zai ci gaba da yin ɓarna, amma a ƙarshen kowane kashi za a nuna mana cewa kaɗaici ne ke damunsa, so yake a so shi.

Kashin da ya fi nuna abin da wannan shawara ta haifar shi ne na Oktoban 2005, wanda labarinsa ya faɗo ranar bikin Halloween, ranar da Amurkawa ke shigar dodanni yara na bi gida-gida ana ba su alewa, kamar dai tashe. An ba Michael wata guda ya zaɓi mutum ɗaya da zai sallama. Ya yi ta jan ƙafa har ranar ƙarshe, ya zo ofis da kan bogi na biyu manne a kafaɗa, hedikwata na bugo waya tana neman suna. Ya tambayi ma'aikata a kaikaice wa ya kamata ya tafi. Ya tura Dwight ya kori Stanley, Stanley ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa. Ya sa Jim su yi gwajin yadda ake kora. Da yamma ta yi, ya kira Creed, wani tsoho da ba wanda ya san takamaiman aikin da yake yi, ya ce masa shi ne. Creed ya ƙi tashi. Ya yi ta magiya da wayo har ya juya kan Michael, ya ce ga Devon can, shi ya fi dacewa. Michael ya kira Devon. Devon ya ce ka koma kan zaɓinka na farko mana. Michael ya ce ba zai yiwu ba, in ya sake canzawa za a raina shi. Ya miƙa masa takardar cin abinci kyauta a wani gidan abinci, Devon ya yayyaga ta, ya fita, ya ɗauki kabewa ya fasa a kan motar Michael.

Ba ƙwazo aka duba ba, ba shekarun aiki ba. Devon ya rasa abincinsa ne don shi aka kira na biyu, kuma shugabansa ya gaji da jin kunya. Har nan wasan ya faɗi gaskiya, gaskiyar da duk wanda ya taɓa zama a ofis ranar da ake kiran mutane ɗaya bayan ɗaya zai gane. Sai kuma aka zo minti na ƙarshe. Kyamara ta bi Michael gida. Muka gan shi ta taga, shi kaɗai, jugum. Yara suka ƙwanƙwasa ƙofa, ya buɗe, fuskarsa ta washe, yana zuba musu alewa yana yaba shigarsu. Zuciya ta karye. Wayyo Michael.

Devon fa? Shi ma ai yana da gida. Wataƙila akwai wadda zai je ya yi wa bayani a daren nan, akwai kuɗin haya na jiransa ranar ɗaya ga wata, wato washegari. Kyamara ba ta bi shi ba. A 1977 da shi za a tafi. A 2005 an riga an koya mana cewa labarin kora labarin wanda ya yi korar ne, irin wahalar da ya sha, yadda abin ya tsaya masa a rai. Muna ganin wannan shi ne zaɓi mafi shakku a duk tarihin wasan, ya fi duk wata taɓargaza da Michael ya tafka, kuma marubuta ne suka yi shi, mu kuma muka saya da murna, don wasan daga nan ya bunƙasa har ya kai zango tara da kashi 201.

Creed da ya tsira bai tuba ba. A zango na uku, da aka fitar da takarda mai ɗauke da hoton batsa saboda bai je duba inganci ba, ya binciko wata ma'aikaciyar masana'anta, Debbie Brown, da ba ta zo aiki ba a makon, ya ɗora mata laifin, aka kore ta. Ya zaga ofis da katin ban kwana yana karɓar gudummawa dominta, ya soke kuɗin a aljihu, ya jefa katin a kwandon shara. Ko fuskarta ba a nuna mana ba, shi ya sa dariyar ta zo da sauƙi. A zangon dai, da hedikwata ta yanke shawarar rufe Scranton, manajan reshen Stamford, Josh Porter, ya ɗauki ƙarin girman da aka yi masa ya je ya yi ciniki da shi a kamfanin Staples, ya samu babbar kujera, ya bar mutanensa aka rufe nasu reshen. Abin da Brent ya yi ke nan, amma a nan an ɗora shi a kan wani can daban, don Michael ya fito fes.

Sai duniya ta cim ma wasan. Bankin Lehman Brothers ya durƙushe ranar 15 ga Satumba, 2008, kuma zuwa Oktoban 2009 rashin aikin yi a Amurka ya kai kashi goma cikin ɗari. A watan Mayun 2009 aka nuna Michael a wurin shaƙatawar kamfani yana wasan kwaikwayo a gaban ma'aikata da iyalansu, inda bakinsa ya suɓuce ya tona cewa za a rufe reshen Buffalo, mutanen reshen na zaune da 'ya'yansu. Kafin shekarar ta ƙare Dunder Mifflin kansa ya kama hanyar karyewa, wani kamfanin injinan buga takardu mai suna Sabre ya saye shi, manyan hedikwata suka rasa kujerunsu. Reshen Scranton dai ko yaushe yana tsira. Dole ya tsira, in ba haka ba babu kashi na gaba.

An rufe wasan ranar 16 ga Mayu, 2013, amma bai mutu ba. A 2020, shekarar da annobar korona ta raba Amurkawa fiye da miliyan ashirin da ayyukansu a watan Afrilu kaɗai, The Office ne shirin da aka fi kallo ta intanet a ƙasar, sama da minti biliyan 57 bisa ƙididdigar kamfanin Nielsen. Mutanen da aka sallama suna zaune a gida suna neman sanyin zuciya a ofishin da ake barazanar rufewa tun kashi na farko.

Mu da sana'armu rubuta manhaja ce mun ga namu zangon ba da jimawa ba. A Disambar 2021 shugaban kamfanin Better.com, Vishal Garg, ya tara ma'aikata kusan 900 a Zoom ya sallame su cikin 'yan mintuna, kuma cikin jawabin ya shaida musu cewa wancan karon da ya yi irin haka sai da ya yi kuka, yana fatan wannan karon zai fi dauriya. A Nuwamban 2022 Meta ta rage mutum 11,000, Twitter ta sallami kusan rabin ma'aikatanta, har da na ofishinta na Afirka da ke Akara. A Janairun 2023 Google ta rage 12,000, Microsoft 10,000. Da yawa ba su ma samu wanda zai kira su ofis ya yi musu kame-kame ba. Mutum zai tashi da safe ya buɗe kwamfutar aiki, ta ƙi karɓar kalmar sirrinsa, daga nan ya gane. Wasiƙun shugabannin kuwa, waɗanda aka yi ta yaɗawa, kusan duk da salo ɗaya suka zo: wannan shawara ta yi mini nauyi, na ɗauki alhakinta. Mun karanta su a waya, a zaurukan hira na abokan sana'a, kuma muryar ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Mun san ta tun daga tagar gidan Michael.

Shi kuwa Devon, sai a kashi na ƙarshe aka tuna da shi. Creed ya gudu bayan an gano hukuma na nemansa, Dwight ya zama manaja, sai ya dawo da Devon bakin aiki, bayan fiye da shekara bakwai. An faɗe shi a jimla ɗaya, an nuno shi na 'yan daƙiƙu. Creed Bratton, ɗan wasan da ya fito da sunansa na gaskiya, ya ci gaba da fitowa tun daga waccan ranar Halloween har aka rufe wasan. Devon Abner, wanda shi ma sunansa na farko aka ba halin da ya taka, bayan kabewar nan sai jefi-jefi aka sake ganinsa. Inda Devon ya yi waɗannan shekaru, da abin da ya ci a cikinsu, babu kashin da ya faɗa.